Tulun Madarar Marigayi

Ke da kike cewa komai a bari sai lokacinsa ya zo, saurari wannan misali. An yi wata mata mai saƙar faifai, mijinta ya rasu ya bar mata 'ya ɗaya da wani tsohon tulun ƙarfe, irin mai gajeren wuya da murfi da hannu biyu, wanda yake ɗaurawa a bayan keke ya ɗauko madara daga ruga. Shekara tara tulun yana kwance a bayan ɗaki, tsatsa ta mai da shi ja wur, har kaza ta taɓa yin ƙwai a ciki. 'Yar ta yi aure ta samu ciki. To, haihuwar fari a gaban uwa ake wanka, ke nan ranar suna dangin miji kaf gidanta za su cika. Ita kuwa ba kular zuba abinci, ba babban mazubi, sai ƙore biyu, ɗaya ma ɗinkakkiya. Abin ya tsaya mata a rai: a me za ta ba surukai fura da nono, kada a koma gida ana yi da 'yarta?

Ciki yana wata shida ta jawo tulun tsakar gida. Maƙwabciyarta ta leƙo ta katanga ta ce, "Yaya, ɗa bai zo duniya ba kin fara suna? Ki bari ana gobe, ki shafa masa fenti, wa zai sani?" Ita dai ta yi murmushi ta ci gaba. Ta jiƙa shi da ruwan toka da lemun tsami, ta sa yashi da soson ƙarfe tana kankara, yau gefe ɗaya, gobe ɗaya gefen, har yatsunta suka yi kanta. Da farin ƙarfe ya bayyana ta cika shi da ruwa ta ajiye a inuwa. Kafin la'asar sai ga ƙasa ta jiƙe. Ashe akwai wata 'yar huda a gindi kamar ta allura, tsatsa ce ta rufa mata asiri. Ta ɗauka a ka sai wurin mai liƙi da dalma, ya toshe, ta sake gwadawa har sau biyu. Sannan ta shafa jan fenti na shimfiɗa a baya kaɗai, cikin ba ta taɓa ba, ta jira kwana uku tana korar kaji da ƙuda. Ta bi da koren fenti. Ta ɗaura tsumma a tsinke ta zana 'yan furanni farare a wuyan, ɗaya ya karkace, ta bar shi a haka. Bayan mako guda ta zuba nono kaɗan ta kurɓa, sai ta ji warin fenti har ƙoƙon kai. Nono ba ya ɓoye wari, kin sani. Ta zubar, ta buɗe murfin ta riƙa shanya tulun kullum a rana, tana wanke cikin da toka, tana shinshinawa safe da yamma kamar mai neman laifi, har warin ya fita sarai.

Allah da ikonsa, haihuwa ta rigayi lissafi da kwana ashirin. Namiji, lafiyayye, mai ƙara kamar ɗan wata uku. Gida ya rikice, wannan na neman itacen wanka, waccan na neman kanwa, maƙwabciyar nan ma da ɗankwali a hannu take gudu. Tulu kuwa yana zaune a ɗaki, ba abin da ya rage masa. Ranar suna aka cika shi da fura da nono mai sanyi, aka ajiye a tsakiyar mata yana sheƙi. Gwaggon mijin 'yar, wata tsohuwa da aka san ba ta yabon abin kowa, ta sha ludayi uku, ta shafa hannun tulun ta ce, "Wai wannan ba na mai madara ba ne, Allah ya jiƙansa? Kai, yau har kakan yaro ya zo suna!" Mata suka ɗauki guɗa, mai jego tana dariya tana share ido. Maƙwabciyar ta matso ta raɗa wa mai tulun, "Yaya, bikin ɗana saura kwana biyu, ga wata tsohuwar garwa can a wurina, ko mu shafa mata?" Matar ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Bar garwarki ta huta, jibi ki aiko a ɗauki tulu."

Shi ya sa masu iya magana suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.