Samfuri Na Sha Huɗu

Sai da motar likitocin dabbobi ta karya kwana a bayan cocin ƙauyensu, sannan Farfesar da ke cikin motar ta gane gonar wa ta sa hannu a rufe.

Shekara ashirin da shida ta yi a ɗakin bincikenta na birnin Cluj tana bin sawun ƙwayar cutar salmonela a ƙwai da naman kaji. Da lamba samfuri ke zuwa mata, ba da suna ba. Yara goma sha ɗaya na kwance a asibiti, ƙwayar cutar da ke jikinsu kuwa ita ce ta samfuri na sha huɗu. Kaji dubu takwas za a hallaka.

Yayanta na tsaye a bakin ƙofar gonar. Shi ya bar makaranta ya riƙe gonar bayan rasuwar mahaifinsu, don ita ta tafi jami'a.

"Yau Farfesa ta tuna hanyar gida," in ji shi. "Ji takalmi, sai ka ce biki."

"Yaya, Allah ya sani ban san taka ba ce."

"Da kin sani fa?"

Ta juya wajen da kajin ke hayaniya.

"Da na sa hannu."

Ya gyaɗa kai, ya buɗe wa ma'aikatan ƙofa da hannunsa.

"Ba wanda ya zo ya ɗibi samfurin nan. Da na ji labarin yaran a rediyo, ni na kai. Aka ce akwai wani ɗakin binciken da ya fi kusa, na ce a'a, naki nake so. A wancan na kusa ƙila a ji tausayina; ke kuwa na san gaskiya za ki faɗa."