Jarrabawar da Sokkalingam Ya Ƙi Rubutawa

Sokkalingam ya daɗe yana rubuta wa mutane takardun cinikin fili da na rabon gado a wani shago da ke daura da ofishin rajistar filaye na Melapatti, a ƙasar Tamil, amma ba shi da lasisi. Lasisin na maigidansa ne, tsoho Muttaiya. Shi ke rubutawa, tsohon ya duba, ya sa hannu a ƙasa, ya buga lambarsa. Haka ake yi a yawancin shagunan layin. 'Ya'yan tsohon duk sun koma birni, don haka ya riga ya faɗa cewa shagon na Sokkalingam ne bayansa.

Ana nan sai gwamnati ta sauya sharaɗi: daga yanzu sai mai digiri za a ba lasisi. Masu tsohon lasisi su ci gaba da aikinsu. Irin su Sokkalingam kuwa, da suka tsaya a sakandare amma suka tsufa a sana'ar, aka ce za a yi musu jarrabawa sau ɗaya tak bisa tsohon sharaɗi, wanda ya ci a ba shi nasa.

Ƙungiyar marubutan takardu ta ga an matsa wa mutanenta, ta ɗauki lauya, ta kai ƙara babbar kotu. Sokkalingam yana cikin waɗanda suka fara sa hannu. Har haikali ya je ya fasa kwakwa don neman nasara.

Wata safiya a wurin mai shayi, Ponnusami mai sayar da takarda mai hatimi ya jawo shi gefe.

"Yaya, kada ka kuskura ka rubuta jarrabawar nan. Wanda ya rubuta ya amince da dokar ke nan, sai a goge sunansa daga ƙarar. Kuma ai tunda magana tana gaban alƙali, doka ta tsaya cak."

Mai shayi ya yi dariya. "Ji babban lauya. Kai da ba ka taɓa taka kotu ba sai ranar da akuyarka ta cinye shukar maƙwabci."

Aka kwashe da dariya, amma maganar ta zauna wa Sokkalingam, don dama ita yake son ji. Da furfurarsa, ya je ya zauna a benci kamar ɗan makaranta?

A gida, matarsa Maragatam ta ajiye masa idli, wainar shinkafa da ake turarawa, da miya, ta tsaya a kansa.

"Baban Malli, ka tambayi lauyan naku kuwa?"

"Lauya yana can birni, yana da aikin yi."

"Motar safe tana zuwa birni."

"Ke dai bar ni in ci abinci. Rabin filayen garin nan ni na rubuta takardunsu. Kotu ba makauniya ba ce."

Shi ma tsoho Muttaiya ya yi masa magana. "Sokku, dubi hannuna, ya fara rawa. Je ka rubuta abin nan."

"Baba, za mu yi nasara. Ka sa ido kawai."

"Kotu ba ta san shekaruna ba," in ji tsohon.

Ranar jarrabawar ta faɗo a ranar da masu duba suka ce ta sa'a ce, irin wadda kowa ke son a yi rajistar filinsa a cikinta. Layin ya cika maƙil. Wasu abokan sana'ar suka rufe tebur suka tafi. Sokkalingam ya kwashe masu cinikinsu, ya wuni yana rubutu, ya koma gida yana jin ya fi kowa dabara.

Shari'a ta ja, kamar yadda takan ja. Kafin a yanke ta, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama tsoho Muttaiya, hannun dama ya mutu. Ba a daɗe ba kotu ta kori ƙarar. Ta ce gwamnati tana da ikon ɗaga sharaɗi, balle ma ta ba tsofaffin ma'aikata damarsu.

Sai a lokacin Sokkalingam ya hau motar safe. Lauyan ya saurare shi har ya gama, sannan ya cire tabarau.

"Wa ya ce maka kada ka rubuta? Mun roƙi kotu ta dakatar da dokar, ba ta dakatar ba. Da yawa cikin masu ƙarar sun rubuta, kuma ba wanda aka cire sunansa."

"Ponnusami ne ya ce..."

"Wane ne kuma Ponnusami?"

Sokkalingam ya tashi, ya kama hanyar tashar mota.

Lasisi ba a gadonsa, kuma takardar da ba ta da sa hannun mai lasisi ofis ba ya karɓarta. Aka rufe shagon. Wata tsohuwa da ya rubuta wa mijinta takarda tun tana amarya ta zo nemansa za ta raba wa 'ya'yanta gona. Ta same shi zaune a bakin ƙofar da aka garƙame. Ya tashi da kansa ya raka ta shagon wani da ya koyi aikin a hannunsa, ya tsaya a waje.

Jama'a, kai ƙara haƙƙinku ne, kuma babu laifi a cikinsa. Amma shigar da ƙara ba ya tsayar da doka sai alƙali ya faɗa da bakinsa. Idan abincinka ya rataya a kan shari'a, tambayi lauyanka, kada ka tambayi teburin mai shayi, kuma kada ka saki damar da ke hannunka don jiran hukuncin da ba a yanke ba.