Kunkurun Kafaɗar Nerissa

Arnel ya rage gudun injin har ƙararsa ta koma kamar ta ƙudan zuma, ya tsoma allura cikin tawadar da ya sirka da ruwa, sannan ya sunkuya kan kafaɗar Nerissa. Kunkurun teku yake zana mata, wanda bai fi tafin hannu ba. Duk mai zanen jiki a birnin Cebu, ko ɗan koyo ne, zama biyu zai yi ya sallame ta. Arnel kuwa har damina ta shigo bai gama ba.

Ba rashin iyawa ba ne, don hannunsa ya faɗa tun tuni. Matsalar ita ce ranar da kunkurun ya kammala, ranar Nerissa za ta daina zuwa shagon. Shi kuma bawan Allah ya haura arba'in ba mata, yana son ta kamar ransa, amma da ya buɗe baki sai maganar ta maƙale. Da ya rasa dabara sai ya fake da guzuma yana harbin karsana.

"Kin gani, Inday, shafa inuwa ba ya son gaggawa," haka yake ce mata kowane zuwa, yana kiranta Inday yadda ake kiran mace a can. "In inji ya fi hannu gudu, allura za ta yi ta saran wuri ɗaya har fata ta dagargaje. In hannu ya fi inji gudu, sai aikin ya fito ɗigo-ɗigo. Yau ma a nan za mu tsaya, a bar fatar ta huta."

Kowace kalma a ciki gaskiya ce, sai dai ba don gaskiyar yake faɗa ba. Nerissa takan gyaɗa kai ta ce, "Ashe? To, kai ka san sana'arka, Dong." Dong ko Dodong, haka ake kiran namiji a can.

Bai taɓa samun mai sauƙin sha'ani irinta ba. Daga birnin Davao ta dawo, ta ce masa aikin hannu take yi, da ya ga ɗan baƙi-baƙi a gefen farcenta sai ya yanke cewa rini ne. Kafin ya ce ta juya ta juya. Ba ta taɓa tambayarsa wane mai za ta shafa ko yaushe ruwa zai taɓa wurin ba, amma kullum zanen warkewa yake sumul. Ran da ya ɗan ƙara wa injin wuta bisa kuskure, kafaɗarta ta noƙe tun allurar ba ta sauka ba. Arnel ya ce a ransa tsoro ne irin na mata, har ya ji tausayinta.

Manang Pilar, dattijuwa mai soya ayaba a ƙofar shagon, ita ce ba ta raga masa. "Dodong," in ji ta, "da kunkurun nan da ƙafarsa ya taso daga teku, ai da tuni ya iso ya haihu."

To, ramin ƙarya ƙurarre ne. A wannan zaman Arnel ya jawo fitila ya duba, sai gabansa ya faɗi. Babu sauran wurin da bai bi ba. Ƙoƙon bayan kunkurun, inda ya yi ta maimaitawa don jan lokaci, ya fara sheƙi, ya ɗan tasa. Ya san alamar sarai: fatar ta kai iyakarta. Allura ta sake bi ta nan sau ɗaya, tabo ne na har abada.

Nerissa ta ɗaga ƙaramin madubi ta leƙa kafaɗarta, ta nuna daidai wurin da yatsa. "Ba ka ga nan yana son ƙarin duhu ba? In ya so sai in dawo bayan ya warke a gyara."

Ga dama ta zo har gida. In ya bi wurin, fatar za ta ɓaci, gyaran ɓarnar kuma zai ci wasu watanni tana zuwa tana zama a gabansa. Ya taka fedar injin, allura ta hau rawa. Ya kawo ta dab da fatar. Ya daɗe a haka, sannan ya ɗage ƙafa, shagon ya yi tsit.

"Ya kammala, Inday," ya ce. "In na sake taɓa nan na cuce ki. Ba sai kin dawo ba."

Ya goge wurin, ya rufe shi da leda, ya juya baya yana tattara kwalaben da ba su da buƙatar tattarawa. Baƙin ciki ya cika shi, yana jiran jin ƙarar ƙofa.

Ƙarar injinsa ya ji. Ya waiga a firgice. "A kula, akwai allura!"

Nerissa ba ta ko dube shi ba. Ta riƙe injin kamar cokalin gidansu, ta kasa kunne, ta murɗa maɓallin da ɗan yatsa har ƙarar ta daidaita yadda bai taɓa jin ta ba.

"Madalla, Dong. Da ka taɓa wurin nan, da yau mun raba gari," ta ce, ta ajiye injin. "Tun ba ka sayi allurarka ta farko ba nake zanen jiki a Davao. Kunkurun nan aikin wuni guda ne, ni dai jira nake ka gaji da ƙarya ka kai ni cin gasasshen kifi."