Mutumin da Ke Bin Ɗanladi

A kasuwar kifi ta Yelwa Ɗanladi ya sake ganin mutumin. Dattijo ne dogo, da farin kaftani da ya sha guga, da lema a naɗe a hannu. Ya duƙa gaban kwandon banda yana taya kifi, amma idonsa ba a kan kifin yake ba. Jiya ma ya gan shi a tashar 'yan kabu-kabu, kafin nan kuma a bakin masallacin unguwarsu.

Da wani ne, da ya tsorata. Shi kuwa Ɗanladi daɗi ne ya kama shi, har sai da ya cije leɓe kada dariya ta kufce masa.

Littattafan leƙen asiri yake rubutawa. A waya ya fara, yana sakin labari shafi-shafi ga masu karatu, daga baya aka soma buga masa, har wani gidan rediyo ya ɗauki ɗaya yana karantawa. Jaruminsa ba ya tsalle daga bene, ba ya harbi da hannu biyu. Jami'i ne mai haƙuri da ke fakewa da sayar da batir a ƙauyukan bakin tafki. Duk da haka wani mai sharhi ya taɓa rubuta cewa da gani marubucin bai taɓa haɗa ido da ɗan leƙen asiri ba. Maganar ta daɗe tana cinsa, domin gaskiya ce.

To, ga shi yanzu. Sabon littafinsa kan masu fasa-ƙwaurin makamai ta cikin tafkin Kainji ne, kuma daga kansa ya ƙago komai. Lallai a cikin ƙagen nan ya taka wata gaskiya bai sani ba, shi ya sa hukuma ta turo masa mutum.

Ɗangana mai shayi ya ƙara tabbatar masa. "Malam, baƙon nan mai lema ya zauna nan shina ta tambayarka. Su wa ne abokanka, mi kake ci da shi, ɗan wane gida ne kai."

Ɗanladi ya buga teburi har kofuna suka yi ƙara. Tattara bayanai! Haka ya rubuta shi a littafinsa na biyu, ba ragi ba ƙari.

Ya kira Sadiya don ya ba ta labari. Ma'aikaciyar jinya ce a Wara, ta fara yi masa magana ne don ta gyara masa yadda ake ɗinke rauni a wani babi, gyaran da ya kai su har magabatansa suka je gidansu gaisuwa. Ta ɗaga, ta ce tana kan aiki. Ya fasa faɗa. A waya kuma? Wa ya san mai saurare?

Sai ya yanke shawarar gwada dabarar jaruminsa: ka ba kowane baki ƙarya daban, ka jira ka ga wadda za ta dawo. Ya roƙi Ɗangana ya gaya wa baƙon cewa yana da mata da 'ya'ya uku a ɓoye a Kwantagora. Ya sa wanzami ya ba baƙon labarin cewa Ɗanladi kan ɓace zuwa tsibirai kan wata harka da ba a faɗa. Wani ɗan kabu-kabu kuwa ya sa shi ya rantse wa baƙon cewa a Shanga ba ma da sunan Ɗanladi aka san shi ba. Kowannensu ya dawo ya ce dattijon ya saurara da kyau, yana salati a hankali.

Ɗanladi ya koma sauya hula sau biyu a wuni. Ya shiga kanti ta gaba ya fita ta baya. Bai taɓa rubutu da sauri irin na makon ba, babi na bin babi.

Ranar kasuwa ya yi babban aikin. Ya gangara bakin ruwa a hankali, yadda za a gan shi, ya shiga kwalekwale mai inji da ke shirin tsallakawa. Bai daɗe da zama ba dattijon ya shigo, ya raɓe tsakanin buhunan shinkafa. Ana tayar da inji, Ɗanladi ya daka tsalle ya dira cikin taɓo har gwiwa, takalminsa ɗaya ya tafi. Jirgi ya ja. Hadari ya haɗo, yayyafi ya soma, ga dattijo tsaye yana kokawa da lema yana ɗaga hannu. Ɗanladi ya zaro waya ya ɗauke shi hoto, ya kuma sara masa irin ta soja.

Washegari da la'asar ya hau mota zuwa Wara gidan su Sadiya, bakinsa ya ƙi rufuwa. Wannan karon ba a shimfiɗa masa tabarma a zaure ba, Inna ma ba ta aiko da fura ba. Sadiya ta daɗe kafin ta fito, idanunta sun yi ja. Ta ce Baba bai ci abinci ba tun jiya, ya kuma hana kowa ambaton Yelwa a gidan.

Ɗanladi ya ce Allah ya sawwaƙe, sannan ya kwance mata labarin tun daga kwandon banda har taɓo, yana yi yana kwaikwayon dattijon da lemarsa.

"Wallahi ƙwararre ne, Sadiya, amma na fi shi! Duba shi nan."

Ta karɓi wayar. Ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta ɗora hannu a ka.

"Ɗanladi, wanga ai Kawu Zaidu ne, wanda Baba ya tura binciken aurenmu."