Mai Kifi da Sandunan Talabijin

Tunda ka ce talabijin ta riga ta gama zaɓe, ba ka ga amfanin fita ba, zauna ka ji misalin wata mata mai sayar da busasshen kifi a wani ƙauye na bakin kogi. Ruwa ya cinye gadarsu, kuma a cikin kwalekwale ƙanwarta ta rasu tana naƙuda, ba su kai asibiti ba. Da zaɓe ya matso, mutum biyu suka fito neman kujerar majalisa. Ɗaya ya tako har ƙauyen, ya tsaya a kan karyayyar gadar ya ga abin da idonsa. Ɗayan attajiri ne na birni, hotonsa kawai suka sani. Kullum da yamma a rumfar mai shayi, talabijin na nuno zanen sanduna biyu, doguwa ta attajirin, gajera ta ɗayan, mai labarai yana cewa an ji ra'ayin jama'a, attajirin ya yi nisan da ba a kamo shi. Jikin maza ya yi sanyi. Ita kuwa ta sauke tirenta ta ce, "Malamai, a cikinku wa aka tambaya?" Aka dubi juna, babu ko ɗaya. Ashe ta waya aka yi tambayar, su kuwa sai sun hau tudu suke samun sabis.

Daga ranar ta riƙa bin kasuwannin bakin ruwa da kifinta. Duk wadda ta tsaya ciniki sai ta yi mata wannan tambayar, sannan ta ba ta labarin ƙanwarta. Wasu suka yi mata dariya, mijinta ya ce wahalar banza take yi, ba ta fasa ba. Ranar zaɓe, magoya bayan attajirin a birni suka ga layi ya yi tsawo, rana ta take, da yawansu suka ce ai an riga an ci, suka koma inuwa. A bakin kogi kuwa tun asuba masu kwalekwale ke hayewa da mata da tsofaffi zuwa rumfar zaɓe, ita tana riƙe hannun masu tsoron ruwa. Da aka ƙirga ƙuri'u, mai gajerar sandar ne ya ci, da ƙyar.

Talabijin ba ƙarya ta yi ba, bakin waɗanda aka tambaya ta faɗa. Sai dai faɗa daban, dangwala yatsa daban. Tashi ka nemo katinka na zaɓe, domin hangen Dala ba shiga birni ba ne.