Tafiyar Mai Tallan Masa

Dokta Sabitu ya shiga ɗakin gwaji ya tarar baƙuwar ta riga shi zama. Ya gaishe ta, ta amsa daga kan kujera, ko motsi ba ta yi ba. Ya ce a ransa, manya da jin kai.

Farfesa Azubuike ke nan, wadda jami'a ta gayyato daga Kudu don ta auna aikinsa. In ta sa hannu ya zama farfesa. In ta ƙi, wahalar shekara ashirin ta tashi a banza.

Aikin kuwa ba abin rainawa ba ne. Kana ɗaura tabarau na kwamfuta sai ka gan ka tsakiyar unguwar Gwallaga: keke na wucewa, maƙera na dukan ƙarfe, ga wata mai tallan masa tafe da faranti a ka. Ita ce ta fito da sunansa. Tana ɗan jan ƙafar hagu, kafaɗarta na sauka a kowane taku na uku. Masana sun ce ba su taɓa ganin zanen kwamfuta mai tafiyar ɗan Adam haka ba. Shi kuma ya rubuta a muƙala bakwai cewa lissafinsa ne ya haife ta.

Ƙarya ce tsagwaronta. A faifan wata ɗaliba ya tsinci tafiyar, shekara goma sha shida baya, cikin tarin ayyukan aji mai mutum ɗari biyu da ko fuskar goma bai riƙe ba. Ya ba aikin maki arba'in, ya kwafe abin da yake so. Har yau, in aka yabi mai tallan nan a gabansa, sai ya kama gyaran hula.

Farfesa ta ɗaura tabaran. Ta daɗe tana bin mai tallan da kallo.

"Malam, wa aka ɗaura wa na'ura aka ɗauki tafiyar nan?" Da Hausa ta yi tambayar, Hausar gari tsaf.

"Ba kowa, ranki ya daɗe. Lissafi ne zalla."

"Har jan ƙafar?"

"Har shi."

"Ikon Allah. Ashe lissafi ma yana kamuwa da shan inna."

Ya yi dariyar da ba ta wuce haƙori ba. Sau biyu gaskiya ta taso masa har maƙogwaro, sau biyu yana haɗiye ta.

Ta cire tabaran, ta goge ido da gefen gyale, ta rufe fayil ɗinsa ba ta rubuta ko harafi ba.

Ya yi wuf ya buɗe mata ƙofa, har da rusunawa. Ta dafa tebur ta miƙe. Sabitu ya tsaya riƙe da ƙofa yana kallon ɗalibarsa mai maki arba'in ta nufo shi tana jan ƙafar hagu, kafaɗarta na sauka a taku na uku.