Jini Ɗaya, Lamba Biyu

Tunda ka ce takardun awon nan biyu sun ɗaure maka kai, zauna ka ji wani misali kafin ka taɓa maganin kowa.

An yi wata mata mai sana'ar ƙuli-ƙuli da ta ba ƙaninta ƙodarta ɗaya. Shi direban babbar mota ne, yau yana wannan gari, gobe yana wancan. Bayan dashen, likita ya ɗora shi a kan maganin da ke hana jiki yaƙar baƙuwar ƙoda, ya kuma ja musu kunne cewa maganin nan ba ya son ganganci. In ya yi kaɗan a jini, jiki ya far wa ƙodar, in ya yi yawa, shi da kansa ya illata ta. Don haka duk wata sai an ɗebi jini da safe, kafin ya sha na ranar, an auna. Gogan naka kuwa duk inda lodi ya kai shi nan yake awo, wani sa'in a ɗakin awon garinsu, wani sa'in a na birnin da yake sauke kaya, sai ya buga wa likita waya ya karanta masa lamba kawai. Wannan watan a ce ta hau, a rage ƙwaya, wata mai zuwa a ce ta faɗi, a ƙara. Magani ya zama guga a rijiya. Yayar tana kallo, takaici yana cinta. Ta yi magana, ya ce ai awo awo ne, na'ura ba ta ƙarya. Ta sake yi, ya ce ita da ko firamare ba ta gama ba, me ta sani. Haka aka ci gaba, har ranar da ta ga ƙafafunsa sun kumbura, takalmi ya ƙi shiga, fitsari ya ja baya.

Washegari da sassafe ta tasa shi gaba yana ƙunƙuni, ta sa aka ɗebi jininsa sau ɗaya aka raba kwalba biyu. Ta bar ɗaya a garinsu, ɗayar ta saka ta cikin kula mai ƙanƙara, ta hau mota ta kai birni da kanta. Sakamako ya fito, na gida ya ce shida, na birni ya ce tara. Ta dire takardun a gaban likita ta ce, "Likita, hannu ɗaya ne, allura ɗaya, safiya ɗaya. Wanne ne ƙanin nawa, mai shida ko mai tara?" Likita ya duba kan takardun, ya dafe goshi. Ya ce babu na'urar da ta lalace. Ta birni mai sauri ce, amma tana ƙirga maganin haɗe da ragowar da hanta ta riga ta gama da ita. Ta gida kuwa sai ta tankaɗe, ta ware gari daga tsaki, sannan ta ƙirga. Ashe duk ragin da aka yi masa, ba maganin ne ya hau ba, wurin awo ne ya sauya. Aka kwantar da shi mako biyu. Ƙodar ta tsira, amma ba ta koma ƙarfinta na da ba. Ranar sallama yayar ba ta ɗaga murya ba, cewa ta yi, "Biyu Allah ya ba ni, na ba ka ɗaya. In ka kashe ta da yawon awo, wadda ta rage tawa ce."

To, kai ma kafin ka rage ko ka ƙara, tambayi inda aka auna da irin na'urar, kada ka gwada lamba sai da 'yar'uwarta ta wuri guda. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.